Rumbun Maigida

Ɗin! Kamar an buga cokali a tasa. Dare na uku ke nan ƙarar kwamfuta tana tsallaka katanga har maƙwabta. Zaɓe ya matso, 'yan takara suna ta zarya shagon Hajiya na buga hotuna a Sabon Gari, amma kwamfutar da mijinta ya rasu ya bari ta ƙi karɓar faifan sabon injin buga hotuna.

Da safe mai gyara ya zo daga Tsibiri ya duba.

"Hajiya, ke ta ƙofar baƙi kike shiga. Inda za a zuba abin nan kuwa sai da izinin maigida. In ba ki san kalmar sirrinsa ba, sai dai in goge komai."

Wasiƙunsa suna ciki, da hotunan gonarsu ta Jiratawa. Kalmar kuwa ba ta san ta ba. A garinsu mace ba ta leƙa rumbun miji, shi ya sa shekara bakwai yatsanta bai taɓa sunansa a allon ba.

"Bari in yi masa bankwana tukuna."

Ta danna sunan. Ba ta rubuta komai ba, ta yi sallama a hankali, ta danna babban maɓallin.

Ƙofa ta buɗe, faifai ya shige lafiya lau.

"Ashe bai sa kalma ba," in ji mai gyara yana dariya.

Tana murmushi tana kallon albasar Jiratawa kore shar a allon, maƙwabciyarta da ta ji maganar ta leƙo ta ce:

"To shi da bai kulle ba, wa yake jira ya tura ƙofar?"