Garin da Babu a Kundi

Tunda doka ta hana mota zuwa garin da babu sunansa a Kundin Sani na intanet, sai an duba ake yankar tikiti. Iya Tabawa ta iso tasha da sassafe, za ta gaisuwar rasuwar yayanta.

"Tungar Gawo, ɗan nan."

Mai tikiti ya shafa sunan a allonsa. Babu abin da ya fito.

"Iya, babu garin nan."

"Babu? A can aka binne cibiyata!"

Na'urar ta ɗauki maganarta, ta rubuta ta a allon. Ya shafa "binne cibiya", nan take bayani ya fito har da hoto.

"Wannan kam akwai," in ji shi. "An ce al'adar mutanen da ce, kuma duk sun ƙare. Na baya, matso."