Ƙarfen da Ya Nemo Mini Kano

Warin man inji nake fara tunawa. Baba gyara yake yi a ofishin tarho na Inugu. Ran nan da la'asar, ina ƙarama, ya shiga da ni ɗakin na'urori, don na ƙi cin abinci tun da aka tafi da Inna asibiti a Kano.

Ɗakin sai ƙas-ƙas-ƙas yake yi, kamar fara ta sauka a gonar dawa.

"Duk ƙarar da kika ji, wani ne ke neman wani," in ji Baba.

Ya fara juya lambar asibitin. Kowace lamba sai wasu ƙananan ƙarafa su manne, wani hannun ƙarfe ya hau, ya zagaya yana laluben hanyar wayar da ba kowa a kanta. Hannun ƙarshen ya zagaye duka, bai samu ba.

"Hanyoyin Arewa duk sun cika, uwata. Sai gobe."

Na kafa baki a jikin na'urar na ƙwala, "Inna!" Baba bai hana ni ba.

Washegari wani direban motar shanu ya kawo labarin rasuwarta.

Yau kafin in ɗage yatsa wayata ta kama Kano. Hanya a buɗe, ba mai ɗauka.