Ƙanƙara a Kan Zanko

Ranar da tsohon magini zai rushe zauren kakansa a Kwarbai, baƙi suka iso dashen bishiyoyi daga wani birnin Turai, mai ƙawance da Zariya. Rana ta koro injiniyarsu cikin zauren, ta tsaya tana waige-waige.

"Baba, wai ina na'urar sanyin?" in ji tafinta.

"Wace na'ura? Ƙasa ce da azara."

Injiniyar ta dafa bangon, ta lumshe ido.

Shekara biyar ke nan, ciyawa ta rufe bulon da tsohon ya sauke don sabon gini. Jiya hoto ya zo daga birninsu: makarantar yara ta tubali, dusar ƙanƙara kwance a kan zankayenta, na hagu a karkace.

Ya ɗaga kai ya dubi zaurensa.

"Allah sarki! Har kuskuren Kaka suka kwaikwaya."