Ƙaramin Garin Kostadin

Ralitsa ta tarar da mahaifinta, Kostadin, a ɗakin ƙasa, ya duƙufa kan ɗan ƙaramin garin da ya daɗe yana ginawa bisa tebur, mai jirgin ƙasa na wasa da titunan roba. Yana yanka wani titi da 'yar wuƙa.

Ta sauke numfashi. Tun safe take ɗaure masa kaya, bayanta kamar zai ɓalle.

"Haba Baba, jibi fa za mu tafi birnin Sofia, kai kuma kana nan kana wasa?"

"Kwanar titin nan ta cika faɗi. Zo ki riƙe min."

Ta danne gefen titin ba don ranta ya so ba. Sai a lokacin ta lura babu kasuwa, babu gada, rabin garin yana cikin kwali.

"Me ya sa kake rushe shi? Ai na gaya maka ɗakinka a gidana babba ne, zai ɗauke shi duka." Ta faɗa ba tare da ta dube shi ba.

Tsohon ya shafa gam, ya manna titin kusa da layin dogo.

"Kin gaya min," in ji shi. "Amma makon jiya na hau jirgi, na je na ga gidan tsofaffin da kika nema min gurbi. Teburin ɗakin ƙarami ne, na auna shi."

Ya miƙa mata wuƙar.

"Idona ya gaji, 'yata. Yanke min wannan, kar ya karkace."