Tsohuwar Da Ke Gaban Kifaye

"Mama, ɗan ba mu wuri, maganar maza ce," in ji babban ɗan gidan. Ta ɗauki kwandon saƙarta ta fita.

Wata uku ke nan yana zuwa taya Baba kallon shirin manyan kifayen teku, yana haɗiye hamma, duk don a zo kan maganar gado.

"Baba, kifayen nan ma tun da ransu suke nuna wa na baya hanya. Shi ne na ce, takardun gidan nan..."

"Ashe kana ganewa." Baba ya nuna talabijin. "Waccan ta gaba wace ce?"

"Tsohuwarsu. Ita ta san inda abinci yake, ƙattin 'ya'yan suna biye da ita."

"Madalla. Gidan nan da shaguna biyun, uwarka ce ta saya, da sunanta suke. Ni shekara arba'in ina iyo a bayanta."

Ya miƙe zumbur, ya leƙa waje. "Mama, in kawo miki kujera?"

"Sha zamanka," ta ce. "Wata uku ke nan ƙanwarka na taya ni saƙa."