Akushin Marigayi

An yi wani mai awon hatsi a wani gari na gabas, ko Gumel ne ko Haɗeja, garuruwan sun fara cakuɗe mini yanzu. Zaman rumfa ya sa jiki ya yi masa yawa, har abokansa suka laƙaba masa Rumbu. Da girma ya zo sai gwiwoyi suka ƙi ɗaukarsa, numfashi ya riƙa sarƙe shi cikin barci, salla ma sai a kan kujera. Likitoci a birni suka ce sai an yi masa aiki an rage masa tumbi, in ba haka ba zuciyarsa ba za ta kai shi nesa ba. Zancen wuƙa bai girgiza shi ba ko kaɗan. Abin da ya sanyaya masa jiki shi ne sharaɗin da suka kafa: kafin ranar aiki zai yi makonni babu tuwo, babu waina, babu fura, sai romo da ɗan ganye. Bayan aikin kuma, loma biyu ko uku za ta ishi cikin da ya saba da malmala.

To, shi mutumin nan yana da ciyayya. Tun suna samari, da an idar da magariba sai su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan ɗayansu, kowane gida a fito da akushi, kowa ya sa hannu a na kowa. Mutuwa ta yi ta ɗauka ɗai-ɗai har suka rage su uku, biyun kuma haƙora sun zube, sai su ɗan taɓa su janye hannu. Amma akushi huɗu ake ajiyewa. Na huɗun daga gidan amininsa ne, wani marini da ya rasu. Matarsa, tsohuwa, ba ta taɓa fasa aikowa ba: tuwon dawa mai zafi, miyar kuka ta ji daddawa, man shanu na narkewa a kai, kamar dai maigidan ya je unguwa ne zai dawo. Rumbu ne ke cinye shi tas har ya suɗe, don ya san abin da tsohuwa ke dubawa idan an mayar mata. A ganinsa, duk ranar da ta buɗe ta tarar da tuwon yadda ta zuba shi, ran nan mijinta ya sake mutuwa.

Ranar da ya fara bin sharaɗi ya zauna a tabarma ya harɗe hannuwa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya dube shi ya ce, "Rumbu, yau gara ce ta shige ka, ko kuwa azumin bayan magariba ka ƙago mana?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma idonsa na kan akushin marigayi, tururi na fita ta gefen faifai. Ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya ce a ransa gobe zai fara. Goben nan ba ta zo ba. Kullum in ya shiga gida yakan ce wa 'yarsa, wadda ke jinyarsa, romo kawai ya sha, ita kuwa tana jin ƙanshin daddawa a hannunsa. Da ranar aiki ta zo likitoci suka duba shi, suka ce kitse bai sauka daga hantarsa ba, wuƙa ba za ta shiga lafiya ba, ya koma gida. A cikin mota 'yar ta juya fuska ga taga ta ce, "Baba, tuwo ka zaɓa ka bar mu?" Shi ma ya san kan harshensa na da rabo a cikin laifin, ba tausayin tsohuwa kaɗai ba ne.

Washegari ya dogara sanda har zauren amininsa, ya yi sallama. Tsohuwa ta tsaya daga bayan asabari suka gaisa. Ya faɗa mata kome, yana ta neman gafara kamar wanda ya yi sata. Ta ce, "Haba Malam, ai da ka faɗa tuntuni. Kafaɗar nan tawa ta daɗe ba ta son muciya. Ina tuƙawa ina cije baki, don kada akushin ya daina zuwa ka ce gidan amininka ya manta da kai." Daga baya ta ce Allah ya ba shi lafiya, ya ce Allah ya jiƙan maigidan, ya juya.

Akushin marigayi ya daina zuwa. Rumbu ya bi sharaɗi, aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a, har ya koma taka ƙafarsa zuwa masallaci. Sai dai ciyayya ba ta rayu ba. Da babu mai cinyewa, sauran akusan suka riƙa komawa da tuwonsu, gidaje suka daina fitowa da su, tsofaffin biyu suka koma ci a ɗaka. Shi kuwa da an idar da magariba yakan zauna a ƙofar gidansa da ɗan kofin romo, hayaƙin murhun maƙwabta na wucewa ta kansa, hawaye na bin gemunsa. 'Yarsa ta taɓa leƙowa ta tambaye shi ko ɗinkin ne ke ciwo. Ya ce, "A'a, uwata, ɗinki ya warke." Ba kuma yunwa ba ce, don yunwa ta riga ta bar shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa.