Littafina a Gonar Kaka

"Wannan ma goge ta," in ji kakata Milunka, ta turo min wayar.

Manhajar sauraron littattafai ta huɗu ke nan da ta ƙi. Tun safe na baro Belgrade saboda ita, ko kofi ba ta ba ni ba. Wai wannan muryar mai karatun ta yi laushi, waccan sai da intanet. Raina ya gama ɓaci.

"Kaka, don Allah wacce kike so ne?"

"Wadda ke da littafinka, Nenad. Wanda ka karanta da bakinka."

Yau ita ke neman littafina! Matar da kullum take cewa rubutu aikin malalata ne. Nan take na biya kuɗin shekara, na sauke mata shi.

"Da wane babi za ki fara?"

"Duk ɗaya ne." Ta jefa wayar a leda, ta ɗauko lasifika da igiya. "Aladun daji sun saba da rediyon da nake ratayawa a gona, sun kusa cinye min masara. Amma maƙwabciyata Radojka ta kunna musu littafinka a gonarta, har yau ko ɗaya bai dawo ba."